Takalmi a Bakin Rami

Duk ƙarshen watan Oktoba garin nan na Lyon yakan ɓata mini rai. Ganye ya yi ja ya zube, yayyafi ya kama, ba ya zuba ba ya tsayawa, rana kuma ta faɗi tun mutum bai naɗe sallayar la'asar ba. Sai kuma kabewa. Ko'ina ka duba a shagunan unguwarmu ta Minguettes ga ta nan, an fafe ta an yi mata ido da haƙora, wai lokacin bikin fatalwa ya zo. Ni da na girma inda kabewa guda take rufa wa gida asiri, har gobe ba zan daina tsaki ba in na ga an kunna mata kyandir a ciki an bar ta ta ruɓe a bakin ƙofa. 'Ya'yana sun ce tsufa ne ke damuna. Na ce to, na yarda, tsufan ne.

Bana hutun 'yan makaranta ya kawo mini Maryama daga Paris, ita da yaranta biyu. Maryama ɗiyar yayana Isuhu ce, wanda ya rasu tun tana cikin uwarta. Karatu ya kawo ta ƙasar nan, ta gama ta samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, tana zaune a Stains, wata unguwa a gefen Paris. Uwarta Abu ta rasu a gida Nijar da daminar da ta wuce, Maryama ta je ta yi jinyarta har ta cika a hannunta. Tun da ta dawo take bina da tambaya ɗaya, da farko a waya, yanzu kuma ido da ido.

"Goggo, da ciwo ya tsananta Inna ba ta kiran sunan kowa. Magana ɗaya take maimaitawa, wai ruwa zai jiƙa su. Mi ne ruwa zai jiƙa?"

"Zafin ciwo ne, ɗiyata. Mai zazzaɓi mi ne ba ya faɗi?"

"Goggo, cikin marasa lafiya nike wuni. Na san maganar zazzaɓi, wagga ba ita ba ce."

Na san amsar sarai. Mu biyu muka san ta a duniya, ni da Abu, kuma Abu ta sa na yi mata alkawari ɗiyarta ba za ta taɓa ji ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe abina shekara da shekaru bai dame ni ba. Abin da ya fara damuna shi ne yadda Maryama ke maganar uwarta, da ladabi amma a sanyaye, kamar wata baƙuwa da suka taɓa zaman haya gida ɗaya.

Yaran ne suka matsa sai an kai su wata tsohuwar mahaƙar kwal da ke can bayan gari. An daɗe da rufe ta, aka mai da ita gidan tarihi, a irin wannan lokaci kuma sai a ƙawata ta don masu son a tsorata su. Na ce ni ba inda za ni, wanda ya ga tsoro na gaske ba ya bin layi don ya ga na wasa. Ƙaramar, Nadiya, ta rataye mini a wuya tana "Mamie, s'il te plaît", wato Kaka don Allah da Faransanci, ɗana Habibu ya ce akwai wuri a motarsa, sai ga ni a ƙofar rami da hular kwano a kan ɗankwali.

Aka fara shigar da mu wani ƙaton ɗaki inda ma'aikata ke sauya kaya a da. Riguna da wanduna da manyan takalma suna reto daga rufi a jikin sarƙoƙi, an yafa musu yanar gizo-gizo ta roba. Yarinyar da ke yi mana jagora, wadda ta ce kakanta a nan ya ƙarar da ƙarfinsa, ta nuna mana wani allo cike da ƙananan ƙarafa masu lamba. Ta ce duk wanda zai sauka sai ya ba da ƙarfensa a rataye a nan, ya karɓi fitila. In ya fito ya mai da fitila ya karɓi abinsa. Idan aka tashi aiki aka ga ƙarfe a allo, to akwai mutum a ƙasa. Karim, wan Nadiya, mai bakin tambaya, ya ce to in wani ya ɗauke ƙarfen fa? Ta yi dariya ta ce ba mai taɓawa, kowa ya san dokar.

Muka gangara cikin ramin. Samari da aka shafa wa baƙi da fari a fuska suna ta faɗowa daga lunguna suna gurnani. Ko a jikina, na ga 'yan tashe da suka fi su iya shiga. Sai muka kai wani wuri da aka toshe da katako da duwatsu kamar ƙasa ta rufta. Daga bayan katakon aka fara ƙwanƙwasawa, a hankali, a tsaya, a sake, wata murya tana roƙon a fid da ita. Yara suka kwashe da ihu da dariya, ni kuwa na toshe kunnuwa na jingina da bango.

Maryama ta riƙo ni muka fito, ta bar yaran wa Habibu. Muka zauna a kan wani benci ƙarƙashin rumfa, kusa da tsofaffin taragun kwal da suka yi tsatsa.

"Sukari ne, Goggo? In kawo miki ruwa?"

"Ba sukari ba ne."

Ta juya ta kalli yayyafi. Can ta ce, "Na san Baba a rami ya rasu, iyakar abin da anka gaya mini kenan. Inna ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni labarinshi ba. Na yi ta tunani, wataƙila ba ta so shi ba ne, shi ya sa ni ma ba ta iya kallona sosai."

Wannan maganar ce ta karya mini alkawari. Abu ta roƙe ni in yi shiru don kada ɗiyarta ta ƙi ta, ga shi shirun ya yi aikin da take gudu. Na ce a raina, Abu, ki yafe mini. Na ce wa Maryama ta gyara zama.

Ina budurwa a shekarar, a ƙauyenmu arewa da Madawa. Ruwan farko ya sauka da wuri, muka fita da murna muka yi shuka, hatsi ya fito ya kai tsawon tafin hannu. Daga nan sama ta rufe. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane, sai wata iska ta taso ta watsa shi. Aka yi roƙon ruwa, maza suka juya riguna, aka raba sadakar gumba da ɗan abin da ya rage. Aka samu wani yayyafi da bai kai ya jiƙa kaza ba, mutane suka zuba sauran irinsu a ƙasa. Shi ma ya fito ya ƙone a tsaye.

Kaka ta zo gari shiru, ba ƙarar taɓarya a kowane gida. Muka share rumbu muka daka abin da tsintsiya ta tara. Muka koma dusa, daga dusa muka koma ganyen tafasa da na jiga, daga nan sai dilo, 'ya'yan anza da ake jiƙawa ana sauya musu ruwa har ɗacin ya ragu, ba wai ya fita ba. Ni da Innarmu mun tona gidan tururuwa muka kwashe hatsin da suka tara, suna cizonmu muna ba su haƙuri. Awaki suka bi 'yan kasuwa, shanun maƙwabta suka kwanta a bayan gari, warinsu ya hana mu zaman tsakar gida. Yunwa da farko tana da surutu, ciki ya yi ta ƙugi, yara su yi ta kuka. Daga baya sai ta yi shiru. Yara su daina wasa su zauna jikin bango, babba in ya miƙe sai ya dafa wani abu har duhun idonsa ya washe.

A nan labarin zinariya ya iso, wai can yamma, ƙetaren kogi, ana tona ta a ƙasa kamar gyaɗa. Maza suka fara zarewa. Yayana Isuhu dogo ne, mai yawan dariya, mai mantuwar da ban taɓa ganin irinta ba. Ya bar hula a masallaci, ya bar fartanya a gona, ya taɓa zuwa kasuwa a kan jaki ya dawo a ƙasa. Bai daɗe da auren Abu ba, kuma yana da wasu takalman fata da aka ɗinka masa na angonci, waɗanda ya fi riƙe su a hannu da sa su a ƙafa don kada su tsufa. Ya bar Abu wurin Innarmu, ya ɗauke ni don girki da daka, muka tafi tare da Illa, ɗan ƙanin babanmu.

Wurin wani tudu ne na jan dutse, ba itace ko ɗaya, sai bukkokin zana da buhuna. Ga Zabarmawa, ga Buzaye, ga Fulanin da shanunsu suka ƙare, kowa yunwa ta koro shi. Ramukan kamar rijiyoyi suke, kusa da kusa, in an nutsa ƙasa kuma sai a karkata a bi jijiyar dutsen ta gefe. Da an yi sallar asuba maza su kurɓi ɗan kunun jar dawa su tafi. Ɗaya ya ɗaura tocila a goshi da roba ya sauka da guduma, ɗaya ya tsaya a sama yana jawo buhun dutse da igiya, yana fifita iska cikin ramin da guntun tabarma. In na ƙasa ya gaji su sauya.

Mu mata namu daka ne. Turmin ƙarfe, taɓaryar ƙarfe, dutse a ciki, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Mu daka, mu tankaɗe, mu sake dakawa, sannan mu wanke garin a ƙwarya da ruwan da muka ɗauko daga nesa, muna juyawa a hankali har ƙasar ta tafi. Tafin hannuna ya tsage ya warke ya sake tsagewa, tari kuwa kowa na yi. In an yi sa'a a gindin ƙwaryar sai ka ga wasu 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli, ba su kai ƙwayar gero ba. Mu tara a kwalbar allura, Isuhu ya kai wa masu awo ya dawo da dawa, mu ci rabi mu aika wa Innarmu rabi. Ba arziki muka samu ba, amma mun daina cin dilo.

Ramukan suna da dokokinsu, mai tsaron dokar kuwa wani tsohon maginin rijiya ne, Baba Tanko, wanda kowa ke kira sarkin rami. Ba a fito a ciki, ba a sauka ranar Juma'a, mace ba ta zuwa kusa, wai zinariya ta aljanu ce, in ta ji ƙafar mace sai ta gudu. Na ce wa Isuhu to in ta iso turmina me ya sa ba ta gudu, ya ce lokacin ta riga ta ji guduma ta yi laushi. Babbar dokar ita ce ta takalmi. Ba a sauka da shi, don da yatsun ƙafa ake kama 'yan matakan da aka sassaƙa a bango. Kowa zai tuɓe nasa ya ajiye a bakin ramin, ko da silifa ne rabi. Takalmi a bakin rami, mutum na ciki. In za a tashi, ko aka ga wani haɗari, Baba Tanko zai bi layin ramukan yana duban ƙasa, inda ya ga takalmi ya leƙa ya kwaɗa kira. Ni a bakin Isuhu na ji wannan, wata rana muna cin tuwo.

Abu ta iso mana da bazara, bayan Innarmu ta koma gidan ƙaninta. Ciki ya fito mata, ga kunya, ko sunana Rabi ba ta iya kira da ƙarfi. Saboda nauyin jikinta muka bar mata girki da tankaɗe a bukka, ba ta zuwa ko'ina. Tana zuwa kayan Isuhu suka daina ɓata, don duk inda ya yar tana biye tana tsincewa.

"Kai dai wata rana kanka za ka mance a kasuwa," in ji ta, tana kakkaɓe masa hula.

"In na mance ke za ki ɗauko. In ba haka ba mi anka kawo ki yi?"

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Na gaya wa Maryama wannan sau biyu a kan bencin nan, don ta ce ba ta taɓa jin dariyar uwarta da sauti ba.

Zafin bazarar nan ba zan iya kwatanta shi ba. Taɓaryar ƙarfe in ta daɗe a rana sai an naɗa tsumma ake kama ta. Ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Maza suna fitowa daga rami fuska toka-toka, su zube a inuwar zana suna haki, don iskar ƙasa ta yi kaɗan. Duk da haka ba mai maganar zinariya, idon kowa na gabas. Mu duka manoma ne, ramin nan zaman jira ne. Isuhu ya riga ya samu irin gero ya ƙulle a tsumma ya rataye, ya ce ranar da ruwa ya sauka, kashegari muna hanya.

Ranar ta zo da wani irin nauyi tun safe, ko ganye ba ya motsi, da ma ba ganyen. Kafin azahar gabas ta yi baƙi. Baba Tanko ya sa aka kira kowa ya fito. Isuhu da Illa suka dawo bukka muka ci abinci, Illa ya kwanta da ciwon kai, Isuhu ya ce zai tafi wurin da manyan motoci ke tsayawa ya ji wadda za ta gabas. Ni na bi mata wurin tattara garin dutsen da muka shanya. Sai iska ta taso, zana na tashi, buhuna na yawo a sama, kowa na bin kayansa da gudu. Na hango Baba Tanko yana bin layin ramuka da sandarsa, kansa a ƙasa, har ya kai ƙarshe. Ya ɗaga hannu ya ce ba kowa.

Ruwan bai sauka nan take ba. Ya yi ta ɗiga ɗaya-ɗaya, manya-manya, ƙasa na shanyewa, ƙamshinta na tashi. Har na kai gari bukka, na dawo na kwashe turmi, na jera tukwane. Sannan sama ta buɗe. Wanda bai yi shekara yana jiran ruwa ba ba zai gane abin da muka yi ba. Maza suka tuɓe riguna suna tsalle, tsofaffi suka ɗaga hannu suna kuka, mata muka yi ta guɗa, bakinmu a buɗe muna shan na sama. Ni ma na yi rawa, har na faɗi cikin taɓo na tashi na ci gaba. Ruwa ya gangaro daga tudu ja wur ya nufi ramuka. Muka riƙa jin wani ƙara daga ƙasa, dum, can kuma dum, ramuka na ruftawa. Mutane na cewa alhamdu lillahi da ba kowa a ciki.

Ruwa ya tsagaita gab da magariba, Isuhu bai dawo ba. Muka ce ya fake a wani wuri. Illa ya tashi ya je wurin motoci, ya dawo ya ce ba wanda ya gan shi. Ya duba kayan aiki ya ce guduma ba ta nan, da alama tun safe a ƙasa aka bar ta. Ya sake fita tambaya. Ni na durƙusa ina fama da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya shige mini ido, na ɗaga kai. Sai ga takalman fatan nan a soke cikin rufin bukka, a bushe ƙayau.

"Abu, ina kinka samo waɗanga?"

"A bakin rami. Iska ta ɗauke mini zane, na bi shi har can, ba kowa a wurin. Sai na gan su ya mance su kamar kullum." Ta yi ɗan murmushi. "Na ga ruwa zai jiƙa su."

"Kafin Baba Tanko ya bi layi, ko bayan ya bi?"

"Ina dawowa na gan shi ya taho da sandarshi. Rabi, lafiya? Mi ya faru?"

Ba wanda ya taɓa gaya mata dokar, don ba wanda ya zaci ƙafarta za ta kai can. Rashin sani ya fi dare duhu. Ta ga fuskata, ta dubi takalman, ta sake dubana. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ranar.

Na fita da gudu ina kiran Baba Tanko. Da ya tambaye ni yadda aka yi bai ga takalmi ba, na ce iska ce ta kwaso su, a bayan bukkarmu na tsince su. Ya dube ni ya daɗe, ya ce Allah mai iko. Mutanen da ke wurin in da sun ji gaskiya, mace ta je bakin rami kuma ta ɗauke takalmi, ban san abin da bakinsu zai yi mata ba, ga ta da ciki.

Aka fara tono tun kafin duhu ya rufe. Bakin ramin ya zama kwatami, taɓo da duwatsu. Kashegari duk tudun ya taru, Bazabarme na miƙa wa Buzu buhu, Buzu na miƙa wa Bahaushe, mu mata aka manta da dokar hana mu zuwa, muna kwasar laka da ƙwarya. In an fid da buhu ɗaya bango ya zubo da biyu. Illa ya kwanta ya manna kunne a ƙasa ya rantse yana jin bugun guduma. Aka yi tsit, wasu suka ce sun ji, Baba Tanko ya ce ruwa ne ke ɗiga a ramin maƙwabta. Ni ma na kasa kunne. Har yau ban san abin da na ji ba, kuma ba ranar da ba na son in sani.

Sai ruwa ya sake sauka, abin da aka tona ya koma. Ramin gefe ya rufta, da ƙyar aka jawo Illa ta ƙafa. Ga ƙasa ta jiƙu, ga iri a ƙulle, shuka kuwa ba ta jiran kowa, wanda ya makara ya sayi wata shekarar yunwa da hannunsa. Mutane suka fara zuwa ɗaya-ɗaya suna tsugunawa gabanmu. Ku yi haƙuri, akwai yara a gida. Na zage su, ban rage wa kowa ba, har Baba Tanko da furfurarsa na ce masa abin da ba a faɗa wa babba. Yanzu da na haifi nawa na san da ni ce su, tafiya zan yi. Daga ƙarshe liman ya tsaya a bakin ramin, 'yan waɗanda suka rage suka yi sahu, aka yi wa Isuhu salla ba tare da an gan shi ba. Aka kewaye wurin da duwatsu aka ɗora ƙaya.

Muka koma gida muka shuka gonarsa, Illa na saran rami, ni da Abu muna bi muna zuba iri muna rufewa da diddige, ita da cikinta. Irin da ya ƙulla da hannunsa ne. Damina ta yi kyau a shekarar kamar da gayya, gero ya fi mutum tsawo, Innarmu ta tsaya a bakin gona ta ce ina ma ya ƙi fitowa. Da kaka aka haifi Maryama. Ranar suna, bayan mutane sun watse, Abu ta kama hannuna ta ɗora a kan jaririyar ta ce in yi mata alkawari. Manema sun zo mata daga baya, ta ƙi kowa. Ta rayu tana aiki kamar jaka, tana ciyar da ɗiyarta, tana kai ta lakwal, makarantar boko, amma ba ta iya daɗewa tana kallon fuskarta, don Maryama Isuhu ce sak har dogon wuyan.

Nan na kai ƙarshen labarin. Daga cikin ramin wasan muna jiyo ihun wani sabon rukuni da aka shigar. Maryama ba ta yi kuka ba, hannayenta na cikin aljihun rigar sanyi, idonta na kan taragun nan.

"Goggo, da Baba Tanko ya ga takalman, da an fid da babana?"

"Allah ne masani, ɗiyata. Kwana in ya ƙare..."

"Na san Allah ne masani. Ke nike tambaya."

Na so in yi mata ƙarya, har na buɗe baki. Amma na tuna tsawon lokacin da ruwan ya ɗauka yana ɗiga, har na kai gari na dawo na jera tukwane.

"Kira ɗaya ya isa. Da ya fito."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na zauna ina jiran hukuncin da Abu ta yi rayuwarta duka tana tsoro, ina cewa a raina yau na sake kashe ta. Can Maryama ta yi magana, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Sau ɗaya tak Inna ta taɓa dukana. Ban fi shekara bakwai ba. Munka yi baƙi mata, suna ɗaki, hadari ya taso. Na ga takalmansu a ƙofa, na kwashe na kai zaure, na zo ina gaya mata don ta yaba mini. Goggo, ta kama ni da duka kamar ba ita ta haife ni ba, sai da baƙin sunka ƙwace ni. Sannan ta fita tsakar gida ta zauna cikin ruwan, har ya ɗauke ba ta tashi ba. Tun ranar na sa a raina matar nan ba ta sona. Da wannan na girma, da shi na hau jirgi, da shi na yi jinyarta."

Sai a lokacin hawayen suka zo. Ta kifa kai a kafaɗata, babbar mace mai 'ya'ya biyu.

"Ni na ɗauka abin kirki na yi, Goggo."

Na rungume ta na ce, "Ita ma haka ta ɗauka."